Malam Arzika Ma'auni, Wanda Ba Ya Tsallake Ƙofa

Ina cikin wata gonar dawa a Fakku, da hantsi, ina nuna wa mai gonar inda tsutsa ta ci masa zuciyar kara, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Bello ne, babban ɗan Malam Arzika ma'auni. Daga sallamarsa na ji muryar ba irin wadda na sani ba ce. Ya ce, "Malam Nasiru, Baba ya cika. Bayan azahar za a kai shi." Na yi istirja'i, na zauna a kan kunya. Mai gonar ya tsuguna kusa da ni yana tambayar lafiya. Da na faɗi sunan, sai ya dafe kai ya ce ai Malam na rumbu ke nan, ya shiga yi masa addu'a kamar wanda ya rasa ɗan ɗakinsu. Ban taɓa sanin ma sun san juna ba.

Zan faɗi wani abu da na ji kunyarsa a lokacin. A kan babur, tsakanin Kebbe da Tambuwal, hawaye na zuba iska na busar da su, amma rabin hankalina yana kan rumbu. Kaka ta yi. Ko'ina na duba a gefen hanya gero ne an girbe an ɗaure, dammuna a tsaye cikin gonaki suna jiran a kwashe. Lokacin ke nan da Malam Arzika yake fitowa yana bin gidaje ƙofa-ƙofa, yana karɓar damin ƙungiya. Na riƙa tambayar kaina: wa zai fita bana? In ma an fita, wa zai bayar, tunda fuskar da ake bayarwa dominta tana shirin shiga ƙasa? Na tsawata wa zuciyata cewa ba yanzu ba, amma ta ƙi ji. Daga baya na gane da shi ne a kan babur ɗin nan, tunanin da zai yi ke nan.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Arzika ba malamin soro ba ne, ba mai sarauta ba ne, ba kuma attajiri ba. Awon hatsi yake yi a kasuwar Tambuwal, a kan tabarma ɗaya, da tiya ɗaya wadda bakinta ya side saboda daɗewa. Siririn mutum ne, dogo, mai ɗan doro, kullum da goro a kumatu. Mutanen ƙauye suna wuce ma'auna da yawa su zo gabansa, domin an san ba ya danna yatsa a tiya idan yana saye, ba ya kuma rage tozo idan yana sayarwa. Yana da zafi, wannan kowa ya shaida. Idan ka zo masa da surutun banza ranar kasuwa, zai dube ka sau ɗaya ya ci gaba da awonsa har ka gaji ka tashi. Amma ban taɓa ganin tsohuwa ta tashi daga gabansa tana ƙunƙuni ba.

A kan wannan tabarma ƙungiyarmu ta samo asali. Ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce shekara da shekaru yana ganin abu guda: manomin da ya kawo masa buhu da kaka ya sayar da araha, shi ne zai dawo da marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ya sayi rabin tiya da tsada. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi damunsa shi ne mutumin da zai zo ya tsuguna, su gaisa, ya ɗebi gero a tafin hannu ya duba, ya tambayi kuɗin tiya, ya mayar da geron ya kakkaɓe hannunsa, ya ce bari ya zagaya ya dawo. Malam ya ce ya san waɗannan ba sa dawowa, ya kuma san gidajen da suke komawa. Wata damina abin ya ishe shi, ya tara abokansa na unguwa, suka gina rumbu a bayan masallaci, suka yi shawara kowane gida ya zuba dami guda da kaka, ban da zakka, a rufe sai marka.

Yadda ake rabon shi ne abin da ya sa mutane suka amince. Ba a kiran taro, ba a jera kowa a layi. Idan marka ta yi, matan ƙungiya su sussuke hatsin, a kai shi kasuwa a zube kusa da na Malam. Wanda aka san gidansa ya yi ƙasa, a aika masa a asirce ya je wurin Malam Arzika. Zai je kamar kowane mai saye, su gaisa, a auna masa, ya ɗaure bakin buhunsa ya tafi. Na kusa da shi ba zai taɓa sanin bai biya ba. Da abin ya kafu, Jabo suka gina nasu rumbun, Sanyinna suka bi, daga baya har Fakku a ƙasar Kebbe, kowane gari da amintaccen mai awonsa. Ƙungiyar ta ƙara da wasu ayyukan: gayya a gonar marar lafiya, cike zaizaya a hanya, haƙar kabari, raka majinyaci asibiti. Amma rumbu shi ne uwa.

Ni na shigo ne ta ƙofar aiki. An turo ni Tambuwal a matsayin malamin gona, na je na duba musu rumbun saboda gara, na yi ta zuba bayani a kan magani da yadda ake shanya hatsi. Malam ya bar ni na gama tsaf, sannan ya tambaye ni ina gonata take. Na ce ba ni da ita. Ya juya ga abokansa ya ce su zo su ga malamin gona da ba shi da gona, aka yi ta dariya, ni kuwa na cika na yi fam. Kafin in tafi ya riƙe hannuna ya ce ya ga ina da babur, su kuma suna da tsofaffin ƙafafu, ko zan ara musu? Aron da bai ƙare ba ke nan har yau. Sunan nan kuma ya bi ni, ko a gaban baƙi da shi yake kirana.

Da jinin ƙuruciya da boko a kaina, na ga kamar abin nasu yana tafiyar hawainiya. Na matsa sai an yi gidauniya irin ta zamani. Malam bai so ba, amma bai hana ba. Muka kafa rumfuna, muka ɗauko kujeru da lasifika, muka gayyato 'yan garin da ke aiki a Sakkwato da manyan 'yan kasuwa. Gaskiya an yi abin kirki, Allah Ya saka wa waɗanda suka bayar. Da abin da aka samu muka daɓe gindin rumbunan da siminti, muka sayi amalanke da shanun ja guda biyu, muka ba Modi, wani ɗan ƙungiya mai kiwo, amanarsu. Ranar nan ina ta shige da fice da babbar riga, ina jin babu kamata. Malam yana can kujerar baya yana cin goronsa. Da aka watse na je in ji yabo, sai ya ce, "Madalla, malamin gona. Kuɗin manya sun sai muna amalanke. Abin da za a ɗora bisa kuwa, ƙofa-ƙofa za a biɗo shi."

Amalanken nan tun zuwansa yake da wata ƙara a ƙafar hagu, ƙiii-ƙiii, tun daga kan kwana ake jinsa. Na sayo giris zan shafa, Malam ya karɓe gwangwanin ya ajiye. Ya ce a bar shi ya yi kukansa. Dalilinsa shi ne kada a yi wa kowa ba-zata: matar da ta jiyo shi daga nesa za ta samu sararin haɗa abin da za ta haɗa, wanda ba shi da komai a ranar ya leƙa maƙwabta. Yana da wata ƙa'ida kuma da na daɗe ban fahimta ba. Kowace shekara, gidan da ya fi kowane rauni a unguwa shi yake fara tsayawa. Zai wuce ƙofar masu rumbuna uku ya je ya yi sallama a gidan da danga ta faɗi. Na tambaye shi, ya ce, "In babban dami ya riga hawa, ƙarami kunya shika ji. Bari ƙaramin shi fara, sauran su ishe shi bisa."

Na ji maganar da kunne, ban ji ta da zuciya ba. Kakar da ta biyo bayan gidauniyar, mutanen Fakku suka roƙi Malam ya je ya tsaya musu a kan nasu tarin, sai ya damƙa mini Jabo. Na zauna na yi tunanina na ɗan boko. Na ce yanzu ƙungiya ta yi ƙarfi, me za mu yi da damin talaka? Waɗanda muka auna wa hatsi da marka, ai rashin tausayi ne mu koma musu da kaka muna miƙa hannu. Ban shawarci kowa ba. Na bi gidajen masu hali, na tsallake na marasa shi, aka cika rumbun Jabo har ya fi na bara. Na dawo gida ina murna, ina ganin na haɗa wayo da jinƙai wuri ɗaya.

Ranar kasuwar da ta biyo, ina zaune a gefen tabarmar Malam ina ba shi labarin nasarata, sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya a gabanmu. A bayansa wata tsohuwa ce, ta rungumo ɗan dami a cinya, duk ƙaiƙayi ya bule mata zane. Goggo Ige ce ta Jabo, gwauruwa mai noma 'yar gayauna a bayan ɗakinta, tana riƙon jikoki. Gidanta na cikin waɗanda na wuce. Akwai rumbu a Jabo, da ta so da can ta kai, amma ta biya kuɗin babur da ya kusa kai darajar damin don ta kawo ƙara inda ya dace. Ta sauko da ƙyar, ta yi jifa da damin a kan tabarmar har tiya ta kife. Ko kallona ba ta yi ba.

Ta ce, "Arzika, shekara da shekaru nika zubawa nika ɗiba, ban taɓa jin kunya ba, don na san da hatsina ciki. Bana ɗan bokonka ya wuce ƙofata kamar ya ga kango. To ka ji, in ba a amshi nawa ba, marka ta zo ko yunwa za ta kashe ni, ba ni amsar tiya guda gare ku. Ni ba 'yar bara ba ta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa ko manyan dillalai, ya sa hannu biyu ya ɗauki damin, ya jinjina shi, ya zaro zangarniya ɗaya ya murza ya duba ƙwayar, ya ce geron bana na Goggo ya fi na gonarsa kyau. Sannan ya ba ta haƙuri. Ya ce laifinsa ne, shi ne bai yi bayani ba. Ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba. Ya sayo mata fura, ya zaunar da ita har ta huce, suka shiga tsokanar juna, tana ce masa tsohon da ya rasa abin yi sai bin gidajen mutane. Da za ta tafi ya so ya biya mata babur, ta ce in ya kuskura sai ta ɗauke daminta.

Sai bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, ya yi mini magana, ba tare da ya ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Nasiru, na san tausayi kaj ji. Amma tausayin ga naka ya yi mata ciwo ya fi yunwa. Duk wanda ka bar biɗar wani abu gare shi, ka fidda shi cikin mutane." Ranar ce kaɗai na ji ya kira ni da sunana. Ya ce gobe in koma Jabo, in bi ƙofofin da na tsallake ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama, in roƙa kamar yadda na roƙi masu hali, kada kuma in nuna mamakin abin da za a ba ni.

Na koma. Ban taɓa yin yini mai nauyi irin wannan ba, ban kuma taɓa yin mai amfaninsa ba. Wani dattijo ya bar ni tsaye a rana ya daɗe kafin ya fito, ya miƙo mini zangarniya biyar ɗaure da kaba, ya ce ya zaci an cire sunansa daga garin. Wata mata ta ba ni wake a ƙoƙo. Wata da ba ta yi noma ba sam ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tsintsiya, ta ce a share rumbun da ita. Na karɓa da hannu biyu kamar yadda na ga Malam ya yi. A fuskokinsu na ga abin da ban gani ba ranar gidauniya duk da lasifika da tafi. Tun daga wannan shekarar Goggo Ige ba ta sake kirana da komai ba sai ɗan boko, ni kuma ban sake wuce ƙofarta ba.

Ba zan ce Malam ba shi da aibi ba, shi kansa zai tsawata mini in na faɗa. Taurin kansa ya wuce misali. Ya ƙi riƙe waya har ya koma ga Allah, sai dai a kira Bello. Wanda ya makara zuwa gayya, ko sa'an babansa ne, sai ya ji magana. Kuma mutumin da ya iya gane yunwar wani daga yadda ya kakkaɓe hannu, shi ne ya ɓoye mana ciwonsa. Tun ruwan farko ƙafafunsa suka fara kumbura, ya ce gajiya ce. Sai da ciyawa ta rufe gonarsa muka farga ba ya iya riƙe hauya. Muka kira gayya, aka taru har daga Sanyinna, amma mun makara, geron ya riga ya sha wuya. Ranar gayyar ya sa aka ɗauko shi aka zaunar a gindin wata bishiya, yana ta faɗa wai mun bar gonakin mabuƙata mun zo tasa. Modi ya ce masa yau shi ma ya ɗanɗana abin da yake yi wa mutane. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ganina da shi na ƙarshe, kwana kaɗan kafin in tafi Fakku, yana kwance a zaure bayan an dawo da shi daga asibiti a Sakkwato. Ya rame ƙwarai, goron ma ya daina ci. Na yi masa sannu, ya amsa da kai. Sai ya tambaye ni ko an gyara tayar amalanke, na ce an gyara. Ya tambayi shanun, na ce suna nan sun yi ƙiba. Ya lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke shi, na yunƙura zan tashi, sai na ji ya ce a hankali kada in kuskura in sa wa ƙafar nan giris don na ga ba ya nan. Na ce haba Malam, ai da kai za a fita.

An yi jana'izarsa da jama'ar da ban taɓa ganin irinta a kan talaka ba. Bayan addu'ar bakwai muka zauna a gindin rumbu. Da aka fara magana, tsoron da na taho da shi a kan babur ashe yana zuciyar kowa. Wasu suka ce a ɗaga tarin bana, zukata ba su kwanta ba. Wasu suka ce a tsaya kan masu hali kawai, a ga yadda za ta kaya. Wani ya faɗi gaskiyar da muke gudu: mutane Malam suke ba, ba ƙungiya ba, in muka fita aka mayar da mu hannu wofi, rumbun ya mutu ke nan, gara a bar shi da mutuncinsa. Na ce in muka bar kaka ɗaya ta wuce, marka ba za ta ɗaga mana ƙafa ba, kuma akwai gidajen da suka riga suka sa rai. Aka ce to, tunda ni na faɗa, ni zan shige gaba. Wallahi na amsa ne kawai, amma da tsoro a raina.

Washegari da safe Modi ya ɗaura shanu muka fito. Hanyar shiga unguwa ta ƙofar gidan Malam ta bi. Tabarmin zaman makoki na nan a shimfiɗe, 'yan tsirarun masu gaisuwa na zaune. Na san abin da aka girbe a gonarsa, don da ni aka ɗaure shi, ba zai kai su ko bazara ba. Ga marayu, ga Inna Luba, matarsa, tana cikin takaba. Modi ya dube ni yana jiran umarni. Na sunkuyar da kai na ce ya ja mu je. Muka ɗaga wa mutanen hannu muka wuce, amalanke na ta kukansa. Ba mu kai kwana ba na ji ana kirana. Bello ne ya biyo mu da sauri, ya ce Inna na son magana da ni.

Na tsaya a zaure, a daidai inda na bar Malam kwance. Tana daga bayan labulen ƙofar shiga gida, ba na ganin ta. Na durƙusa na gaishe ta, na sake yi mata ta'aziyya, ta amsa da murya a dashe. Sannan ta ce:

"Nasiru, na jiyo amalanke tun daga masallaci. Na ji ya iso ƙofar ga, na ji ya wuce. Mai gidan na yar rasu, gidan na nan. Shekara nawa kana biye da shi, ba ka san inda shika farawa ba? Bana gidan ga na ya fi kowane rauni. Nan za ku fara."

Shekaru bayan Goggo Ige ta kife tiya a kasuwa, ga ni na sake tafka kuskuren nan, kuma a ƙofar wanda ya yi mini gyaran. Bello ya shiga ya fito da damin. Ashe tun ranar da aka kawo hatsin gida ta sa aka ware shi. Ɗan ƙarami ne, zangarniyar sirara, wasu ma rabinsu babu ƙwaya. Na sa hannu biyu na karɓa, na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko a maƙabarta. Inna Luba ta ce in share hawaye in tafi, rana na yi, mutane na jira. Na ɗauko shi a kafaɗa na fito. Masu zaman makoki suka miƙe tsaye suna kallo har na ɗora shi a tsakiyar amalanke, shi kaɗai.

Ban san wanda ya kai labarin ba, amma ya riga mu shiga unguwa. Gidan da muka tsaya na biyu, kafin in gama sallama mai gidan ya leƙa amalanken ya tambaya ko wannan ne na gidan Malam. Na ce shi ne. Ya koma ciki ya fito da nasa. Haka muka yi ta yi har azahar, babu ƙofar da muka tsallake, babu kuma wadda ta mayar da mu hannu wofi. Sau uku muna komawa rumbu muna saukewa, amma damin farko Modi ya ƙi sauke shi, ya ce ya zauna bisa har a gama. Mutanen Sanyinna da na Fakku sun aiko cewa su ma sun fara nasu. Da na je Jabo na iske Goggo Ige, wadda yanzu ba ta gani sosai, zaune a ƙofarta a kan daminta tun safe. Ta shafa fuskata ta ce ɗan boko ya fara hankali, sannan ta yi wa abokin tsokanarta addu'a har muryarta ta karye. Rumbun bai cika ba tukuna, amma dawa na tafe, kuma yanzu na daina jin tsoro. Da marka Bello zai zauna a kan tabarmar babansa da tiyar nan mai sidadden baki, kuma gidansu na cikin waɗanda za a auna wa, babu kunya, don da hatsinsu a ciki.

Ya Allah, ga bawanKa Arzika ya zo gare Ka, ba shi da abin da ya taho da shi sai abin da ya auna wa bayinKa a ɓoye. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yafe masa zafin zuciyarsa, Ka cika masa mudunsa da tozo kamar yadda ya cika wa mutane. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi, Ka sada shi da iyayensa a gidan Aljanna. Ka ba Inna Luba haƙuri da ƙarfin zuciya, Ka rufa wa Bello da ƙannensa asiri, Ka sa albarka a ɗan hatsin da ya rage musu har ya kai su wata kakar. Mu da ya bar wa amalanke, Ka ba mu ikon riƙe amana, Ka kyautata namu ƙarshen. Ya Ubangiji, shekara da shekaru bawan nan naKa yana bin gari bai tsallake ƙofar kowa ba. Kada rahamarKa ta tsallake kabarinsa. Amin.